Pacifica 112V ko Squier Affinity? Ga wadda zan ce ka ɗauka

Ƙanena, tsakanin jitocin lantarki biyun nan da ka tambaya a kansu, Yamaha Pacifica 112V da Squier Affinity Stratocaster, wace ce kayan jikinta suka fi nagarta kuma ba sai an yi canki-canki kafin a dace da mai kyau ba, amsata Pacifica ce. Ɗauke ta kawai. Sai dai ka buɗe ido ka ga V ɗin nan a ƙarshen lambar, domin akwai 112J, akwai kuma 012, duka Pacifica ake ce musu, kuma mai shago ba zai ɓata yawun bakinsa wajen bambance maka su ba. Ita 112V gangar jikinta katakon alder ne, wuyanta maple, fuskar wuyan rosewood, firet (ƙarafan da aka jera a wuya) 22, sannan fikof ɗinta, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya kai wa amfilifaya, na wani haɗin ƙarfe ne da ake kira Alnico V. Na 112J seramik ne, 012 kuwa ita ce autarsu a farashi, har katakon ma an sauya mata.

Tawa ta daɗe a hannuna, ta sha but ɗin mota, ta sha ƙurar filin biki, fentin gefenta inda hannu ke goga har ya dushe. Abin da ya sa nake rantsuwa da ita ya faru ne a wani dinar aure. Ana cikin shigo da amarya, ƙawaye sun jeru, ni ke riƙe da kiɗan, sai tsirkiya ta biyu ta ce tas. Babu halin tsayawa. Abokin kiɗana da ke gefe shi ma 112V gare shi, amma tasa a wani gari ya saye ta, shekaru bayan na sayi tawa, launinsu ma ba ɗaya ba. Ya miƙo min, na zare waya na soka a tasa na ci gaba. Wallahi hannuna bai ji baƙunta ba. Kaurin wuyan, tazarar tsirkiyoyi, inda ɗan yatsa ke samun makunnin ƙara, nauyinta a kafaɗa, ƙarfin sautin da ke fita a amfilifaya ba tare da na taɓa komai ba, duk yadda na saba. Mai ganga ne kaɗai ya lura an yi musanye, shi ma don ya ga launi ya canza. To wannan shi ne abin da ka tambaya a kai, a ce jita biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su fito kamar uwa ɗaya ta haife su.

Mutane da yawa a nan suna ɗauka bambancin jita da jita a katako yake. A zamanin yanzu da wuya a samu matsala a nan. Tun asali Leo Fender, wanda mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya tsara jitarsa ne don masana'anta: a yanka jiki daban, a yanka wuya daban, a ɗaure su da sukuru huɗu, in wuya ya lalace a kwance a sa wani. Haka Telecaster ta fito a farkon shekarun 1950, Stratocaster ta biyo baya a 1954, kuma biyun da kake dubawa duk jikokin wannan tsarin ne, tsawon tsirkiyarsu ma ɗaya ne, milimita 648. Yau injin da kwamfuta ke sarrafawa ne ke yanka jiki da wuya da ramukan fikof, kuma shi inji ba ya gajiya, ba ya saurin tashi aiki. Jita ta farko da ta dubu za su fito da awo ɗaya, ko a Amurka aka yanka ko a Indonesiya.

Inda ake rabuwa shi ne aikin da ke biyo bayan inji, wanda har gobe hannun mutum ke yi. Kamar shadda ce da aka yanka da awo guda aka raba wa yaran tela su ƙarasa: yankan ɗaya ne, amma wuyan riga da bakin hannu su za su nuna maka wanda ya natsu da wanda ake jira ya gama a rufe shago.

Na farko firet, ƙarafan nan da aka jera a wuya. Ana danna su cikin tsagar katako ɗaya bayan ɗaya, sannan a daidaita tsayinsu, a zagaye kansu da magagari, a goge bakinsu na gefe. Ƙarfe ɗaya ya ɗara 'yan'uwansa da kaurin takarda, shi ke nan, duk lokacin da ka danna na bayansa tsirkiya za ta riƙa gogarsa tana zzz, ko sautin ya mutu in ka ja ta sama. Kamfanoni masu tsada irin su Gibson suna amfani da wani injin Jamus mai suna Plek da ke auna kowane ƙarfe ya gyara shi, amma a farashin da kake magana babu wannan gatan, ma'aikaci ne da magagarinsa da mintunan da aka ware masa. Na biyu ɗan farin matashin da tsirkiyoyi ke hawa a saman wuya kafin su isa makullan saiti. Tsagoginsa shida ne, kuma kowace sai ta dace da kaurin tsirkiyarta. In ta matse, kana murɗa makulli ba abin da ke motsi, can sai ka ji ƙit, sauti ya yi tsalle ya wuce inda kake nema. Yawancin masu kukan cewa jitarsu ba ta riƙe saiti makullai suke zagi, har su kashe kuɗi su sauya su, alhali laifin na wannan ɗan abin ne da bai kai tsawon yatsa ba. In kuma tsagogin ba su yi zurfi ba, danna firet na farko zai zame maka aiki, sautin kuma ya haura, ka yi ta zargin kunnenka. Na uku ɗaurin dalma a cikin ramin wayoyi. Mai kyau za ka gan shi sumul yana sheƙi, mara kyau dunƙule ne mai duhu kamar an ɗiga, kuma irinsa ne ke sakewa ranar da mota ta faɗa rami da ku.

Su kansu ƙananan kayan lantarkin ba daidai suke fitowa ba ko daga kwali ɗaya. Makunnin ƙara da aka rubuta wa 250k, wato awon yadda yake tare wuta, an yarda ya kauce da kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa, ke nan wani 200 zai auna, wani 300, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa jita ɗaya ta fi 'yar'uwarta kaifin murya. Saboda haka in wani ya ce maka tasa ta fi ta abokinsa daɗi alhali samfuri ɗaya ne, ba lallai son kai ba ne.

Dalilin da ya sa nake ganin Yamaha ta fi riƙe waɗannan wurare shi ne gida ɗaya ne. Ita ta tsara jitar, a ofishinta na Kalifoniya aka zana Pacifica ta fito a 1990, samfurin 112 ya biyo baya a 1993, an fara yin su a Taiwan, yanzu kuma a masana'antarta ta kanta da ke Indonesiya. Mai zane da mai ƙerawa da mai dubawa kafin a sa a kwali duk albashinsu daga aljihu ɗaya yake fitowa. Kuma sun ƙi taɓa samfurin sai kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru abu ɗaya ake maimaitawa, hannun ma'aikata ya faɗa.

Squier kuwa suna ne na kamfanin Fender, amma aikin kwangila ake bayarwa. Duba bayan kanta ka karanta haruffan farkon lambar: IC ko ICS na nufin masana'antar Cort ta Indonesiya, IS ko ISS ta Samick ce a Indonesiyar, CY kuma daga Sin. Affinity biyu za su iya rataye kusa da juna a shago, suna ɗaya, launi ɗaya, amma gidan da aka haife su daban, shekarar daban, har awon wasu sassan daban, tunda an sake fasalinta a 2021. To jita ce dai, tana kiɗa, in ka dace da mai kyau ba za ka yi kuka ba. Fikof ɗinta seramik ne, firet 21, tsofaffin kuma jikinsu bai kai kaurin Stratocaster ta asali ba, shi ya sa wasu kayan birij na Fender, wato ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi a jikin jita, ba sa zama a ciki sai su leƙo ta baya. Abu ɗaya da ba zan hana ta ba shi ne kayan gyara: da yake siffar Stratocaster ce, farantin gabanta da fikof da murafu sun fi sauƙin samu, ita kuwa Pacifica farantinta nata ne ita kaɗai, in ya fashe sai ka nema da kyau. Ko a nan ma ka yi hattara, kayan jitocin Asiya da milimita ake auna su, na Amurka da inci, makunnin ƙara na Amurka ba zai shiga ramin na Asiya ba sai an faɗaɗa.

In dai zuciyarka ta kafe sai mai siffar kan Fender, to ƙara haƙuri ka tara kuɗin Squier Classic Vibe. Wannan wani aji ne daban, fikof ɗinta alnico, matashinta na ƙashi. Amma ba ita ka tambaya ba, kuma kuɗinta ba ɗaya ba ne.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da maganar ƙasa, wai ta Amurka ce kaɗai jita, ta Sin ko Indonesiya tarkace. Fender ɗin kanta bayan kamfanin CBS ya saye ta a 1965, jitocinta na shekarun 1970 sun sha suka kan nauyi da wuyan da ba ya zama daram, kuma a Amurka ake yin su. Squier ta farko da masana'antar FujiGen ta Japan ta fara yi a 1982 a matsayin mai rahusa, yau masu tara jita nemanta suke ido rufe. Cort ɗin nan da na ambata ita ke yi wa Ibanez da PRS wasu jitocinsu. Ma'aikatan sun iya aiki. Abin da mai kwangila ya biya, da yawan lokacin da ya yarda a ɓata wa kowace jita, shi ake ba shi.

Ita ma Pacifica ba waliyyiya ba ce. Matashinta na roba ne mai tauri, makullanta na talaka ne, suna aiki dai ba su da wani alfahari. Wuyanta siriri ne, milimita 41 a sama, fuskar wuyan kuma ta fi ta Squier shimfiɗuwa, don haka in yatsunka manya ne irin na masu aikin ƙarfi, riƙe ta tukuna ka ji ko za ku shirya. Amma ga abin da ya fi muhimmanci gare mu a nan: fikof ɗinta na kusa da birij mai naɗin waya biyu ne. Fikof mai naɗi ɗaya yana jan ƙugin wutar lantarki, kuma ka san yanayin wutarmu, soket babu wayar ƙasa, ga janareta, ga fitilun ado duk a layi guda. A irin wannan wurin mai naɗi biyu ne ke ceton ka, shiru kake ji sai kiɗa. In kuma kana son siririn sautin nan mai kaifi irin na 'yan Agadas, sai ka ja makunnin murya sama ya kashe naɗi ɗaya, ka dawo gida. Affinity ma akwai mai irin wannan jerin fikof, sai dai ba kowace ba, sai ka duba.

Sai maganar hunturu, wadda babu kamfanin da ya tsara jita dominta. Masu ƙera jita suna son laimar iska ta tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, mu kuwa daga Disamba zuwa Fabrairu takan faɗi ƙasa da 20. Katakon wuya yana tsukewa, ƙarfe ba ya tsukewa, sai bakin firet ya leƙo ta gefe ya riƙa yankar tafin hannu. Wannan yana samun mai tsada da mai araha, kuma gyaransa magagari ne sau ɗaya a tsakiyar rani, an gama. Wuyan ma yakan ɗan motsa, tunda tsirkiyoyi shida suna jansa da nauyin da ya haura kilo 35 dare da rana. Akwai sandar ƙarfe a cikinsa da ake murɗawa da alanki don a mayar da shi. Tawa kwatar juyi take nema in iska ta bushe, in damina ta sauka a mayar. Kada ka jingine ta a bango inda rana ke bugawa, kada ka bar ta a mota a rufe.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi cin mutane. Kasuwar jita cike take da jabu. A Nuwamban 2024 jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jitocin Gibson na jabu sama da 3,000 a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne kuɗinsu zai haura dala miliyan 18. In a can ana yunƙurin shigar da su haka, kai ka san abin da ke sauka a namu tashoshin. Wani yaro ya taɓa kawo min wata da ya saya a hannun wani ɗan kasuwa, babban suna a kanta da rubutun zinare, wai tokumbo ce daga Amurka mai ita ya matsu. Wuyan ya lanƙwashe kamar baka. Na sa alanki, sai juyawa yake ba ya kama komai. Da na kwance farantin baya na leƙa ramin, falle-fallen filawud ne a jere an shafe su da baƙin fenti, wayoyin ciki sirara kamar gashi, ɗaya ma a murɗe take da hannu babu ko dalma. Babu abin da za a gyara a wurin. Kuɗin da ya biya sun isa su saya masa jita ta gaskiya mai ƙaramin suna har da canji.

Dabarunsu ba su da yawa, maimaita su suke. Akwai mai goge sunan Squier ya manna na Fender. Akwai mai sayar da ta hannu wanda ya riga ya cire fikof na asali ya sa na banza, murfin dai iri ɗaya ne, ba ka gani sai an kwance. Akwai mai ce maka 112J ita ce 112V, harafi ne kawai. Akwai mai gwada maka jita da amfilifaya a ƙure, sauti a dagule, don kada ka ji gogar firet ko ƙarar makunni. Akwai kuma na intanet da zai turo maka hoton da ya ɗauko daga shafin kamfani ya ce ka tura kuɗi a sa maka a mota. Ba a cinikin biri a sama. Lambar jita ma ba hujja ba ce ita kaɗai, masu jabu kwafar lambar gaske suke yi su buga wa ɗari. Duk wanda ya ce maka ga Fender ko Gibson ta Amurka a kuɗin Squier, gaishe shi ka wuce.

Ranar da za ka je, tafi da wanda ya iya kiɗa, kuma ka ce wadda za ka biya kuɗinta ita za a buɗe, ba ta gwaji da ke rataye ba a miƙo maka wata a kwali. Fara kaɗa ta ba a haɗa da wuta ba, ka bi kowace tsirkiya firet bayan firet har ƙasa, kana sauraron inda za ta yi zzz ko ta mutu. Shafa yatsa a gefen wuya sama da ƙasa ka ji ko akwai kaifi. Ɗauki katin banki ka ɗora gefensa a kan firet uku a lokaci guda, in ya yi rawa yana ƙwas-ƙwas, na tsakiyan ya yi tsawo. Ɗaga ta ka hango wuyan daga kai zuwa jiki, ɗan lanƙwasa kaɗan daidai ne, amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, wato ya murɗe, ajiye ta ko da kyauta ce. Duba tsirkiya ta farko da ta shida, tazararsu da bakin wuya ta zama ɗaya. A firet na 12 tsayin tsirkiya daga ƙarfe kada ya wuce milimita 2 da wani abu. Ka roƙi a sa alanki a ɗan motsa sandar wuya a gabanka ka tabbata tana kamawa. Sannan a haɗa da amfilifaya a sauti mai tsabta, ka bi matsayi biyar na makunnin zaɓen fikof, ka murɗa na ƙara da na murya a hankali kana jin ko suna ƙarar yashi, ka girgiza kan waya a raminsa ka ga ko sauti na yankewa. Mai shagon da ya ɓata rai don kana wannan binciken, ya san abin da yake ɓoyewa.

In akwai guda uku a shagon, gwada duka ukun, ko Pacifica ce. Ka ware wani abu daga kuɗin don sabbin tsirkiyoyi, masu lambar kauri 9 zuwa 42 sun ishe ka a farko, da ladan wanda zai yi mata saiti, domin wadda ta fito daga Indonesiya ta kwana a kwantena a teku ta iso nan, sai an sake daidaita wuya da tsayin tsirkiya kafin ta nuna halinta. In ba ka samu 112V sabuwa ba, ta hannu mai lafiya ta fi min sabuwar 012. In ka samu wata, turo hoton bayan kanta da na inda wuya ya haɗu da jiki mu duba maka kafin ka biya.